A Bar 'Ya'yanmu Su Auna Da Hannunsu

A cikin watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa ɗalibin da yake neman shiga jami'a domin ya karanta harsuna, ko tarihi, ko sauran darussa irin waɗannan, ba lalle ne sai ya sami kiredit a lissafi kafin a ɗauke shi ba. Ranar da labarin ya iso mana, wata ƙanwata da ke aji biyar na sakandare ta shigo gida tana tsalle har da guɗa, wai Allah Ya cire musu ƙaya. Bayan 'yan kwanaki sai ma'aikatar ta sake fitowa ta yi ƙarin bayani, cewa ba a cire lissafi daga jarrabawar gama sakandare ba, kowane ɗalibi sai ya zauna ya rubuta shi. Nan take murna ta koma ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar shi ne guɗar yarinyar nan. Tun tana shekara 9 take riƙe wa mahaifiyarmu cinikin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba a taɓa cutarta a canji ba, kuma da ka take tuna bashin gida goma ba tare da ta rubuta ko ɗaya ba. To yaya aka yi mai irin wannan kai ta ɗauki lissafi abokin gaba? Ni malamar firamare ce, saboda haka ba zan ɗora laifin a kan yarinya ba. Laifin yana ga yadda muke koyar da shi. Kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar darasin awon kewaye da awon girman fili, wanda ake fara koya wa yara tun daga tsakiyar firamare, su haddace, su rubuta jarrabawa, su manta, alhali kuwa shi ne lissafin da mace za ta yi ta cin karo da shi a gona, da ɗaki, da wurin tela, da ranar rabon gado.

KARATUN AKU

Ga yadda darasin yakan kasance a yawancin azuzuwanmu. Malam ko malama ta shigo, ta zana akwati mai kusurwa huɗu a jikin allo, ta rubuta lamba a sama da lamba a gefe. Sa'an nan ta ce wannan ferimita, wancan eriya, yara su amsa da ƙarfi har ajin maƙwabta ya ji. A ba su ƙa'ida biyu: ɗaya a haɗa tsawo da faɗi a ninka sau biyu, ɗaya kuma a buga tsawo sau faɗi. A ba da aiki guda biyar, a maka, a tashi. Bayan mako biyu in ka tambayi yaran, rabinsu za su haɗa inda ya kamata a buga, su buga inda ya kamata a haɗa. Ba su san cewa tambayoyi biyu ne daban ba.

Bambancin kuwa ba wani abu ne mai wuya ba. Kewaye shi ne tsawon bakin abu, watau tafiyar da za ki yi in kin bi iyakar gona har kin dawo inda kika fara. Girman fili shi ne yawan ƙasar da ke cikin iyakar. Mai son yin darni ko danga, kewaye yake bukatar sani, domin ya san damin kara nawa zai tanada. Mai son shuka, girman fili yake bukatar sani, domin ya san mudun iri nawa zai isa. Duk manomin Kiru ko Doguwa ya san ba tambaya ɗaya ba ce. 'Yarsa da ta yi shekara shida a makaranta ita ce ke rikita su, saboda an raba ta da gona da kara, an bar ta da alli.

ABIN DA IGIYA TA KOYA MANA

A zangon karatun da ya wuce na gwada wata dabara da 'yan aji shida. Na sami igiyar rama na auna ƙafa 24, na yi ƙulli a kan kowace ƙafa, na haɗa bakinta biyu. Na sa yaran suka kawo tsofaffin kwalayen taliya da na sabulu, muka yanka su murabba'i-murabba'i, watau tsawo ƙafa ɗaya faɗi ƙafa ɗaya. Muka fita gindin bishiya. Yara huɗu suka riƙe igiyar a ƙasa, kowace a kusurwa ɗaya, ƙafa 6 ta kowane gefe. Sauran suka jera kwalaye a ciki har suka rufe ƙasar, aka ƙirga, 36.

Sai na tambaye su: in muka ja igiyar nan ta yi tsawo, faɗinta ya ragu, kwali nawa zai shiga? Kusan duka ajin suka ce 36 ne dai, tun da igiyar ba ta canja ba. Na ce to a gwada. Aka mai da ita ƙafa 8 da ƙafa 4, kwali 32 ya shiga, huɗu suka rasa wuri. Aka mai da ita 10 da 2, sai 20. Da aka kai 11 da 1, kwali 11 kaɗai ta ɗauka, ga sauran 25 a hannun yara suna kallon juna. Igiya ɗaya, kewaye ɗaya, amma fili ya zube daga 36 zuwa 11. Wata yarinya wadda ba ta cika magana a aji ba ta ce, "Malama, ashe gonar da ta fi tsawo ba lalle ita ta fi girma ba!" Na ce da ita ta maimaita wa 'yan'uwanta da ƙarfi, domin darasin ke nan gaba ɗaya.

Sai bayan wannan muka koma aji. Na sa suka zana abin da suka gani a littattafansu. Ban gaya musu ƙa'ida ba. Su da kansu suka lura cewa ba sai an ƙirga kwali ɗaya bayan ɗaya ba: layi 4 ne, kowane layi kwali 8, saboda haka 4 sau 8. Ƙa'idar da suka sha bulala a kanta, ga shi sun tono ta da hannunsu. Gani ya kori ji.

INDA ABIN YAKE TAƁA ALJIHUN MACE

Kada wata ta ce wannan wasan yara ne, bari mu dubi inda yake shiga rayuwarmu a nan kudancin Kano.

Mu ƙasar noma ce. Tudun Wadar Ɗankadai ta yi suna a shinkafa, kuma hannun mata ne ke turara ta. Doguwa ƙasar masara ce da rake. A Bebeji ne madatsar ruwan Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga nan ruwa ke gangarawa gonakin rani na Kadawa da Kura. Kasuwar Kwanar Dangora a Kiru kuwa duk mai harkar hatsi ya san ta. Mata da yawa a cikinmu suna da gona, ta gado ko ta saye, amma kaɗan ne ke zuwa da kansu su tsaya a kan aiki. Ana ba da noma jinga, a aiko a ce kuɗi kaza ne. Mai tarakta yana yanka kuɗinsa a kan eka. Malaman gona in za su faɗi buhun takin zamani nawa za a zuba, ko litar maganin feshi nawa, a kan hekta suke faɗi. Hekta ɗaya ita ce fili mai mita 100 a tsaye da mita 100 a kwance, watau murabba'in mita 10,000, kusan eka biyu da rabi ke nan. Matar da ba ta san girman gonarta ba, ko ta biya kuɗin eka biyu a kan eka ɗaya da rabi, ko ta zuba takin da bai kai ba ta ce ƙasa ta gaji, ko ta zabga maganin da ya wuce kima ya ƙone mata shuka.

A wajen jinga akan ƙirga kunya. To amma kunya 40 a gonar da tsawonta taki 50 ne, ba daidai take da kunya 40 a gonar da tsawonta taki 80 ne ba. Yawan kunya faɗi kaɗai ya gaya miki, sai kin haɗa da tsawonta sa'an nan kin san aikin da aka yi. Haka kuma gona biyu suna iya zama da kewaye ɗaya, a ce taki 200 kowace. Ta farko taki 50 da 50, girmanta 2,500. Ta biyu taki 80 da 20, girmanta 1,600. In aka ce da ke ki zaɓa, aka nuna miki cewa igiya ɗaya ce ta zagaye su duka, kika ɗauki mai tsawon saboda ta fi cika ido, kin yi asarar 900, fiye da sulusin gonar farko.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne rabon gado. Kowa ya san a rabon 'ya'ya mace tana da rabin abin da namiji ya samu. To a ce ɗan'uwanki ya sami yanki mai taki 40 da 40, watau 1,600. Rabonki 800 ne, misali taki 40 da 20. Amma in aka ce an ba ki rabin tsawonsa da rabin faɗinsa, watau 20 da 20, maganar tana da daɗin ji, sai dai 400 ce a hannunki. Rubu'i aka ba ki, ba rabi ba. Ban ce masu rabo suna yin haka da gangan ba. Yawancinsu masu tsoron Allah ne, kuma suna duba kyawun ƙasa, domin fadama da jigawa ba kuɗinsu ɗaya ba. Amma ɗan Adam ajizi ne, kuma mai haƙƙin da ta iya duba awo da kanta ta taimaki mai rabo, ta kuma rufe ƙofar zargin da ke raba zumunci shekara da shekaru.

Wannan kuskuren dai shi ke cin mutane a sayen fuloti. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, rabinsa shi ne 50 da 50. Mai 25 da 50 rubu'insa ne. Mata nawa ne suka tara kuɗin adashi shekara uku suka sayi fili ta hannun dillali ba tare da sun san wannan ba?

Mu dawo cikin gida. Uwar amarya za ta sayi ledar ɗaki. In ɗakin ƙafa 12 ne da 12, faɗin ledar kuma ƙafa 6 ne, falle biyu za a shimfiɗa, kowane yadi 4, jimla yadi 8. Wadda ta auna kafin ta tafi kasuwa ba za ta dawo da guntun da ya bar bakin ƙofa a buɗe ranar jere ba, ba kuma za ta biya kuɗin yadi 12 ba. Mai ɗinki kuwa kullum cikin tambayoyin nan biyu take: yadin da zai yi zanen gado girman fili ne, leshin da za a bi bakinsa da shi kewaye ne.

BA BAƘON ILMI BA NE

Wasu iyaye suna ganin awo abin Bature ne. Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu suna auna saƙi da kamu, suna auna igiya da zurfin rijiya da gaba, suna auna ƙaramin abu da ɗani, suna auna ƙasa da taki. Dubi rumbu da ɗakin kara, me ya sa aka yi su zagayayyu? Igiyarmu mai ƙafa 24 da ta ɗauki kwali 36 a murabba'i, in aka mai da ita da'ira filin cikinta ya kusa 46. Watau da ginin da bai fi na wani yawa ba, zagayayyen rumbu ya fi kowace siffa cin hatsi. Maginan dā ba su rubuta wannan a allo ba, amma hannunsu ya sani.

A farkon mulkin Turawa a ƙasar Kano, kafin yaƙin duniya na farko, an shigo da harajin da ake yankawa bisa girman gona. Akwai ma'aikatan da ake kira malaman taki, su ke bin gonaki suna auna tsawo da faɗi da takin ƙafa, su buga lissafi, su rubuta abin da mai gona zai biya. Awon ya sha suka saboda kurakurai. Talakan da bai iya bin lissafin ba kuwa, abin da aka rubuta masa shi zai biya, ko daidai ko ba daidai ba. Harajin taki ya wuce, amma halin da wanda bai iya awo ba yake shiga bai wuce ba.

Ko a cikin littattafan magabata, shahararren masanin lissafin nan na Bagadaza, Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi, wanda ya rayu fiye da shekara 1,100 da suka wuce, a littafinsa na aljabara ya keɓe babi a kan awon filaye, ya kuma cika kashi mai yawa na littafin da lissafin gado da wasiyya. Ya san inda mutane ke bukatar lissafi.

GYARA DAGA SAMA, DA GYARA DAGA ƘASA

Ba yau aka fara neman maganin tsoron lissafi a ƙasar nan ba. Tun daga 1962 masana daga Amurka da ƙasashen Afirka suka riƙa taruwa a Entebbe ta ƙasar Uganda suna rubuta sababbin littattafai, abin da aka zo ana kira lissafin zamani. Ya shiga makarantun Nijeriya, amma malamai da yawa ba su sami horon koyar da shi ba, iyaye kuma suka kasa gane abin da 'ya'yansu ke yi. Ana cikin haka aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka cika makarantu, malamai suka yi ƙaranci. A watan Janairu na 1977 Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya soke lissafin zamani aka koma na dā. Abin lura a nan shi ne, canja manhaja a ofis ba ya canja abin da ke faruwa tsakanin malama da yarinya in ba a shirya malamar ba.

A zamaninmu ma ana ta yunƙuri. A watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Jihar Kano, kuma shi da kansa ya bayyana cewa yara masu ɗimbin yawa a ƙasa suke zaune suna ɗaukar darasi. Gyaran azuzuwa da samar da kujeru da ɗaukar malamai duk wajibi ne, ba mai musun wannan. Amma yarinya tana iya zama a kan sabon benci a ƙarƙashin sabon kwano ta ci gaba da karatun aku. Ya kamata cikin abin da ake kashewa a ware wani abu domin a riƙa tara malaman kowace ƙaramar hukuma, ko da sau ɗaya ne a zango, a nuna musu yadda ake koyarwa da abin taɓawa, masu duba makarantu kuma su riƙa tambayar abin da yara suka auna, ba yawan shafin da suka kwafa kaɗai ba.

Misalin ma yana nan cikin jiharmu. A 2019 an fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, inda ake kasa 'yan aji huɗu zuwa shida bisa abin da kowa ya iya, a koya musu karatu da lissafi cikin Hausa, suna ƙirga da tsinkaye da damman tsinkaye. Irin wannan dabarar ce muke so mu gani a kowane aji daga Bebeji har Riruwai. A wasu ƙasashe an daɗe da gane haka. Wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe makarantar yara a birnin Rum a 1907, ta gina koyarwarta a kan abin da yaro zai taɓa da hannu. Ƙasar Singafo, wadda ɗalibanta suka yi suna a lissafi, tsarinta shi ne yaro ya fara da abin taɓawa, ya koma zane, sa'an nan ya shiga lambobi.

Akwai kuma batun harshe. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan tsari a koma Turanci. Masana sun yi ta muhawara a kai. Ni abin da na sani daga cikin aji shi ne, yarinyar ƙauye da ba ta jin Turanci sosai, in aka haɗa mata baƙon harshe da baƙon lissafi a lokaci ɗaya, nauyi biyu aka ɗora mata. Igiya da kwali suna sauke mata ɗaya. In ta ga abin da idonta ta riƙe shi da hannunta, sunan da za a kira shi da shi, na Hausa ko na Turanci, ba zai yi mata wuyar riƙewa ba.

UZURIN MALAMAI

Na san abin da 'yan'uwana malamai za su ce, domin ni ma na faɗa. Aji ya cika ya batse, wani ya haura yara 100. Minti 35 ko 40 ba ya isa a fita a dawo. Ba a ba mu kayan aiki ba. Duka gaskiya ne. Amma a horon malanta irin na Giredi Tu, ɗalibar da ta shiga aji lokacin gwajin koyarwa hannu rabbana, ba tare da abin nuna wa yara wanda ta haɗa da kanta ba, ta san makinta ya ragu. Wannan tarbiyya ce bai kamata mu bari ta mutu ba. Kayan da ake bukata kuwa suna zube a ƙofar gidajenmu. Bayan girbi sillen kara ba ya ƙarewa, a yanka shi daidai wa daida a jera a bakin siffa a ƙirga kewaye. Kiret ɗin ƙwai layi 5 ne sau 6, ga 30 a fili. Gurabun dara da samari ke tonawa a ƙasa haka suke a jere. Kafinta zai iya buga ƙusoshi layi-layi a kan guntun katako, yara su riƙa zagaye su da zare ko robar ɗaure kuɗi suna fitar da siffofi iri-iri. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Game da yawan yara, a kasa su goma-goma, kowane rukuni da igiyarsa da shugabarsa, malama tana zagayawa. Darasi ɗaya da aka yi haka ya fi mako guda na maimaici, domin ba sai an sake koyar da shi a aji na gaba ba.

Amma fa a yi hattara da abu biyu. Na farko, kada a tsaya a wasan kawai. Dole a dawo aji a zana, a rubuta lambobi, a yi aiki a littafi, domin ranar jarrabawa ba a shiga da igiya. Na biyu, a nuna wa yara dalilin ma'auni na bai ɗaya. A sa doguwar yarinya da gajeriya su auna tsawon aji da takinsu, za a sami amsa biyu. Daga nan sai a fito da tef ɗin awo. Nijeriya ta koma awon mita a shekarun 1970, kamar yadda ta bar fam da sule ta kama naira da kwabo a 1973, amma har gobe kasuwa da yadi take sayar da atamfa, dillalin fili kuma da ƙafa yake magana. Saboda haka yarinya tana bukatar ta san duka biyun, ta san yadi ƙafa 3 ne, mita kuma ta ɗara yadi kaɗan.

AIKIN UWA

Uwargida, ko ba ki taɓa shiga aji ba kina da abin koyarwa. In kin yi awara ko tuwon madara kin zo yankawa, kira 'yarki ki ce ta ƙirga layin tsaye da na kwance, ta gaya miki guda nawa za su fito kafin ta ƙirga su ɗai-ɗai. Ba ta tef ɗin tela ko igiya ta auna ɗakinki, ta faɗa miki tabarma nawa za ta rufe shi. In maigida zai je gona ran Asabar, roƙe shi ya tafi da ita da ƙannenta su auno tsawo da faɗi, a rubuta a ajiye a cikin akwati tare da takardun gida. In ta dawo daga makaranta da ƙura a gwiwa ta ce yau awo suka yi a waje, kada ki ce malamar ba ta da aikin yi. A taron iyaye da malamai kuma, mu daina barin maza su kaɗai suna magana, mu aika da tambaya ko mu je da kanmu: yaranmu suna taɓa abin da ake koya musu kuwa?

Ku kuma 'yan makaranta, ku cire wa ranku cewa lissafi na maza ne. Mace ta farko 'yar Nijeriya da ta sami digirin dokta, Grace Alele-Williams, a fannin koyar da lissafi ta same shi a 1963, kuma ita ce mace ta farko da ta shugabanci jami'a a ƙasar nan, watau Jami'ar Benin a 1985. Ko da karatun da kike so ba ya neman kiredit a lissafi, gonarki da ɗakinki da gadonki za su nema. Ƙanwar tawa mai guɗa, da hutun nan ita na ba igiya ta auno gonar mahaifiyarmu, kuma abin da ta samo ya sa bana an sake zama da masu jinga.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, Ya ba mu ikon kula da su. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.